Rigar Ɗan Shatu

Daura, 13 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Zubaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen wurin aiki. Yaya zafin Kano? Mu nan sai godiya. Murjanatu tana ta karatun jarrabawa. Usman ya taka ƙusa a makon jiya, an yi masa allura, ƙafar ta warke.

Na rubuto a takarda ban kira ki ba, domin wayata kullum tana hannun yara, kuma katangarmu gajeriya ce, abin da na faɗa a tsakar gidana Shatu maƙwabciyata tana jin sa a nata. Zan ba direban da ke zuwa Kano ranar Litinin ya ajiye miki a shagon da kika ce.

Juma'ar da ta wuce bayan la'asar mun shiga gidan Shatu kallon wasan da kike rubutawa, Gidan Malam Sha'aban, tunda ita ke da sola. Mata sun kai goma a kan tabarma, ban da yara. Da sunanki ya fito Usman ya yi tsalle ya ce ga Antinmu. Na ji daɗi kamar kullum.

Sai aka fara. Ɗan maƙwabta ya kamu da ƙarambau. Maijidda matar Malam Sha'aban ta ce gara nata 'ya'yan su yi tun suna ƙanana a huta. Ta jawo turmi ta taka, ta miƙa hannu ta zare rigar da aka tuɓe wa yaron aka rataya a katanga, ta sa wa ɗanta ya kwana da ita. Yara suka yi ƙuraje kaɗan suka warke. Malam Sha'aban kuwa ya kwanta, an shafe shi da farin magani tun daga goshi har tafin ƙafa, yana susa da muciya yana kiran uwarsa. Mata har da masu hawaye don dariya. Ni ma na buɗe baki don kada a dube ni.

Zubaida, turmin nan nawa ne. Rigar ta Saminu ɗan Shatu ce, shuɗiya mai lamba a baya, kuma shuɗiya mai lamba kuka sa a wasan. Ba wanda ya san wannan magana a duniya sai ke. Ke kaɗai na rubuta wa, shekara biyu da suka wuce, lokacin da na gama ajin yaƙi da jahilci kika ce in riƙa rubuto miki don hannuna ya faɗa. Na zaɓe ki ne don kina nesa, kuma kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, na goya ki kina jaririya.

Kin san sauran, amma bari in tuna miki ko kin manta. Kafin in taka turmin nan na yi tambaya. Uwar mijina Inna Nana ta zo mana kwana biyu a lokacin, na ce mata, Inna, baban Murja ya taɓa yin ƙarambau yana yaro? Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta yin zancensa da kowa. Ta kau da kai ta ce yaran gidansu duk sun yi. Ban tuna cewa shi ba a gidan ya tashi ba, tun daga yaye kakanninsa suka ɗauke shi zuwa ruga. Yarana sun warke cikin kwana goma. Babansu kuwa ya kamu, ciwon ya shiga masa huhu, a kwana na tara aka kai shi makwancinsa. A wasanku ya tashi ya ci tuwo.

Da aka gama kallo Shatu tana share ido ta ce, Ikon Allah, ni ma fa shekarar da Saminu ya yi ƙarambau rigarsa ta ɓace kwana biyu, sai na tsince ta a kan katanga a ninke. Tana dariya ta faɗa. Sai kuma ta daina dariyar. Da na tashi tafiya ba ta rako ni ƙofa ba.

Don Allah don Annabi ki roƙi masu gidan talabijin kada su maimaita shi. Kin san dangin uban yaran nan sun bar mini su ne don alheri, ba don dole ba. In maganar ta kai garin Babban Mutum wurin Hamma ƙanen marigayi, zai zo ya kwashe su, kuma ba ni da wanda zai hana shi.

Ki yi haƙuri da tsawon takardar. Ina jiran amsa.

Yayarki,
Maiturare

Kano, 6 ga Mayu

Yaya Maiturare,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, maigidan yana gaishe ki. A shafa mini kan Usman, a ce wa Murja ta dage. Ki yi haƙuri da jinkiri, takardarki ta yi kwana goma a shago kafin in je, muna can wajen ɗaukar sabon zango.

Kai Yaya, hannunki ya faɗa! Har da sakin layi. Na karanta wa abokan aikina wurin da kika ce mata suna hawaye don dariya, darakta ya ce irin shaidar da yake so ke nan, ta matan cikin gida. Wurin nan kaɗai na karanta musu, kada ki tayar da hankalinki.

Ɗaya maganar kuwa kin ɗauke ta da zafi. E, daga wasiƙarki na samo, ba zan ɓoye miki ba. Aikinmu ke nan, duk mako sai mun kawo labari, kuma daga bakin mutane muke samu. Amma ina sunanki a ciki? Ina Daura? Wa ya mutu? Kina ganin ke kaɗai kika taɓa yin wannan dabarar a ƙasar Hausa? Bari in kwafo miki kaɗan daga abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin bidiyon, ki ga da idonki.

Wata daga Zariya ta ce: “Wallahi kakata sak. Mu bakwai ta tura ɗaki ɗaya da mai ciwon ta ja ƙofa.”

Wani ya ce: “Wurin muciyar nan na faɗo daga kan kujera, matata ta zaci iska ce ta buge ni.”

Wata ta ce: “A ba Maijidda sarautar ɓarayin shanya.”

Wani kuma ya ce: “Ku kuna dariya. Irin waɗannan jahilan matan su ke kashe mazajensu, sannan su zauna suna kukan takaba.” Kada irin wannan ya dame ki, zagin ma mu alheri ne a wurinmu, shi ke sa a yi ta kallo.

Har wani likita ya shigo yana yi mana gyara, wai ƙarambau ya fi bin numfashi da taɓa ƙurajen, wai yaran da ke wasa tare ko da riga ko babu riga da wuya su tsira. Kowa dai sai ya nuna ya fi mu sani.

Batun maimaitawa ba a hannuna yake ba. Ko da a hannuna yake, an riga an ɗora shi a intanet, mutum sama da dubu ɗari huɗu sun kalla. Tunda muka fara wasan nan ba a taɓa kallon wani kashi kamarsa ba.

Shatu kuwa ki yi mata dariya ki wuce. Shekara huɗu fa da rasuwarsa, Yaya. Ki saki ranki. Ni a ganina ma taimakonki na yi, tunda kin zauna cikin mutane kin ga ana dariyar abin, ai nauyinsa ya ragu.

In na sami sarari bayan Babbar Salla zan leƙo.

Ƙanwarki,
Zubaida

Daura, 15 ga Mayu

Ƙanwata Zubaida,

Assalamu alaikum. Na sami takardarki, na gode. Ina fata kuna lafiya. Yara lafiya. Ni ce dai abinci ba ya shiga.

Kin ce in yi wa Shatu dariya in wuce. Shatu ba ta tsaya ba. Ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a injin niƙa, ba ta ce ni ce ba, cewa take yi ita dai rigar ɗanta ta ɓace kwana biyu, maƙwabcinta kuma ya rasu bayan mako uku, Allah ne masani. Yanzu in na shiga gidan biki sai wata ta ɗaga murya ta ce, ku kwashe shanya, hadari ya taso. Sai a fashe da dariya. Sama kuwa fes. Shekaranjiya Siddiƙa mai kitso ta tare ni a hanyar Kusugu ta ce, Maiturare, ɗana na ƙyanda, in aiko miki da wandonsa ne ko za ki zo ki ɗauka da kanki? A gaban mutane ta faɗa.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin gidana yake. Murja ta iya kwaikwayon Maijidda. Takan ɗaura zanena, ta hau turmi, ta leƙa katanga tana zare ido, Usman yana birgima a ƙasa don dariya. Ba su san komai ba tukuna. Nakan shiga ɗaki in ce kaina ke ciwo.

Ranar Laraba Hamma ya zo Daura da awaki, ya biyo ta gidan. Bai karɓi ruwa ba. Muka gaisa a zaure, ya ciro waya ya kunna wurin turmin, ya riƙe ta a gabana. Shi ba wayar yake kallo ba, ni yake kallo. Da ya ƙare ya sake kunnawa. Ya ce, 'yar uwarki ce ta rubuta wannan ko? Na ce e. Ya ce, wanda ya rubuta wannan ya san tsayin katangar gidan yayana. Na ce wasa ne kawai, Baffan yara, a Kano suke ƙirƙirowa. Ya ce to ba ni lambarta, in ji daga bakinta. Na ba shi, don in na hana ya gama gane komai.

Zai kira ki. Zubaida, ki dubi Allah ki dubi marayun nan. Ki faɗa masa abin da zai kwantar masa da hankali. Kin fi ni sanin magana, kin gane abin da nake nufi. Ba zan iya rubuta shi fiye da haka ba. Tsohuwar takardar nan tawa kuma ki sa ta a wuta yau ɗin nan.

Sai abu ɗaya. Maganar likitan nan da kika ce ya yi muku gyara. Na karanta wurin ya fi sau ashirin. Da gaske ne ya ce ko da riga ko babu riga? Domin Usman da Saminu kullum tare suke wasa a ƙofar gida har ranar da ƙurajen suka fito. Don Allah ki kwafo mini duk abin da ya faɗa, kada ki rage ko kalma ɗaya, da sunansa da asibitin da yake. Shekara huɗu ban taɓa jin wani ya faɗi haka ba.

Yayarki,
Maiturare

Daura, 29 ga Mayu

Zubaida,

Sallama da gaisuwa. Mako biyu ke nan shiru. Direba ya rantse ya ajiye takardar a shago. Na kira ki sau uku daga wayar wata mata a asibiti, ba ki ɗauka ba.

Daga Babban Mutum ma shiru. Na aika wa Inna Nana turaren wuta kamar yadda na saba, an dawo da shi ba a kwance ƙullin ba.

Murja ta daina hawa turmi. Jiya muna tsince shinkafa ta ce, Umma, shekarar da Baba ya rasu, me ya sa Usman ya kwana da rigar da ba tasa ba? Shekararta goma sha ɗaya a lokacin, ashe ta gani. Na ce ban tuna ba. Ta ci gaba da tsincewa.

Hamma ya kira ki? Me kika ce masa? Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Maiturare

Kano, 9 ga Yuni

Yaya,

Salam. Muna lafiya, sai gajiya. Takardunki biyu a tare na karɓo su. Ban cika ɗaukar lambar da ban sani ba, tun fitar kashin nan mutane suka dame ni.

Hamma ya kira ni tun ranar ashirin ga watan jiya. Mutum ne mai natsuwa, ban ga abin tsoro a tare da shi ba. Ya tambaye ni tsakanina da Allah ko labarin daga gare ki ya fito. Ni kuma na yi daidai abin da kika roƙa daga baya a takardarki, na kwantar masa da hankali. Na ce masa ba da gangan kika yi ba, don lafiyar yara kika yi, kuma sai da kika tambayi mahaifiyarsu ta ce miki duk sun yi. Ya ce ina shaida. Sai na ɗauki hoton shafin da kika rubuta zancen Inna Nana na tura masa. Ya ce shafi ɗaya ba ya nuna gaskiya, sai na tura sauran ukun. Na ga ai gara su ji daga alƙalaminki, da nadamarki da komai, da su ji daga bakin Shatu.

Yanzu da na karanta takardarki ta sha biyar ga wata na ga kamar wani abu dabam kike so in faɗa. In ƙarya kike nufi, Yaya, da sai ki rubuta ɓaro-ɓaro. Ko da kin rubuta ma ba zan rantse da Allah a kan ƙarya ba, ni ma ina da kabarin da zan kwanta. Kuma ki yi mini adalci, ba ni na taka turmi ba.

Takardar ba zan ƙona ba. Tunda hotonta na wurinsa ƙonawar ba ta da amfani, kuma ita ce wasiƙarki ta farko mai tsawo, wata rana za ki so ganinta.

Maganar likita na duba ban same ta ba. Sharhin ya haura dubu shida, ta nutse a ciki, sunansa ma ban riƙe ba. Kada ki ɗora rai a kan wannan, kowa yana iya kiran kansa likita a waya.

Ga labari mai daɗi ko ranki zai yi sanyi. Wata mata daga Gusau ta rubuto ta ce saura kaɗan ta kai 'ya'yanta gidan mai ƙarambau, da ta ga wasan ta fasa, don mijinta bai taɓa yi ba. Kin ga labarinki ya ceci wani. Saboda irin haka wata ƙungiyar lafiya ta nemi izinin nuna kashin a majigi a ƙauyuka bayan damina, kuma ƙasar Daura da Baure na cikin jerin. Za su sa sunana a jikin takardar sanarwa.

Ki daure ki riƙa cin abinci. In sun kira zama ki je ki ba su haƙuri, mutanen karkara ba su da riƙo.

Zubaida

Daura, 24 ga Yuni

Zuwa ga Zubaida,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. An yi ruwa sau biyu, mutane sun yi shuka. Ba zan iya ba ki labarin lafiyar yara ba, domin ba sa wurina.

An kira zaman ranar Asabar ta makon jiya a Babban Mutum. Hamma ya aiko a ce in zo da yaran duka biyu, Inna tana son ganinsu. Na yi wa Usman aski, na sa masa kayan Salla.

A tsakar gida aka yi. Hamma, da baffanninsu biyu, da Inna Nana a bakin ƙofarta, matan gida kuma suna tsaye a bayan rumbu. Hamma ya ciro waya ya ce ga takarda da hannuna, za a karanta kowa ya ji. Ya gwada ya kasa. Ya miƙa wa ɗaya baffan, shi ma ya kasa. Kin san rubutuna na lokacin, layi yana hawa kan layi. Sai Hamma ya ce, ina Murjanatu? Ai ita ta riƙa kama hannun uwarta tana koya mata. Zo ki karanta mana.

Na ce, Baffan yara, don girman Allah kada a sa yarinyar nan. Ni zan faɗa da bakina, ba zan rage komai ba. Ya ce bakinki mun ji shi a zaure, kin ce a Kano aka ƙirƙiro.

Ta durƙusa a tsakiya ta karɓi wayar. Ta karanta gaisuwar da na yi miki. Ta karanta yadda na ji Saminu ya kwanta, da yadda na yi tunanin gara su yi kafin azumi. Muryarta ba ta yi rawa ba, kamar tana karatu a aji. Da ta iso inda na rubuta cewa na tambayi Inna, tsohuwar ta dafa bango ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Hamma ya ce, tsallake wurin nan, ba a sa tsohuwa a cikin wannan. Na ce ai wurin nan ne kaɗai yake kare ni. Ba wanda ya dube ni. Murja ta tsallake.

Ta karanta turmi. Ta karanta riga. Ta karanta ranar da babanta ya ce mini, Maiturare, ina yaran nan suka kwaso mana wannan, na ce masa iska ce. Na manta na rubuta miki wannan. A nan ne ta tsaya, sannan ta ƙarasa har inda na sa sunana. Ta miƙa wa Hamma wayar da hannu biyu.

Na ce musu wani likita ya ce ciwon ya fi bin numfashi, ko da riga ko babu riga yaran za su iya ɗauka. Babban baffan ya ce wane likita? Na ce ban san sunansa ba. Ya ce a ina yake? Na ce a cikin waya. Wata a bayan rumbu ta yi dariya. Ya ce, to mun ji, riga ba ta da laifi. Ke me kika hau turmi ki ɗauko?

Ba su zage ni ba, ba su ɗaga murya ba. Sun ce Usman zai zauna a gidan ubansa. Murja kuwa tunda ta girma kuma jarrabawarta a Daura take, ta zaɓa. Ta ce za ta zauna da ƙanenta, jarrabawar ta shekara mai zuwa ma ta isa. Na ce Murja, ki dube ni. Ta ce, Umma, mota za ta tafi ta bar ki. Usman yana can bayan gida ana nuna masa ɗan maraƙi, aka ce kada a kira shi, zai yi kuka. Hamma ya ce kada in zo kada in aiko sai sun neme ni, kuma ya karɓe layin da Murja take amfani da shi.

Na dawo ni kaɗai. Washegari Shatu ta shigo da kwanon dambu ta ce ta zo jaje, ta zauna tana jira in ba ta labari. Na ce na gode. Ranar Juma'a bayan la'asar ina zaune a ɗaki ina jin dariyarsu ta kan katanga.

Ba zan yi miki Allah ya isa ba. Na zauna zan rubuta shi sai na ga har yanzu ina da buƙata a wurinki, kuma ba ni da wani sai ke.

Akwai mai shago a bakin kasuwar Babban Mutum da ke kunna wasanku duk Juma'a. Na san Usman, ko an hana shi sai ya je ya leƙa. In ya je Murja za ta bi shi don ta dawo da shi. Tunda ke kike rubuta abin da Maijidda take faɗa, ki sa ta faɗi wani abu. Usman ba ya iya cewa a ƙara masa abinci a gidan mutane, ko yunwa za ta kashe shi sai ya ce ya ƙoshi. Ki sa Maijidda ta ce wa ɗanta, in ba ka ƙoshi ba ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Yana tsoron shanu amma ba zai nuna ba, ki sa ta ce masa kada ya tsaya a bayan saniya. 'Yarta kuma ki sa ta ce mata kada ta bar karatu don fushin wani, ko da uwarta ce.

Na san wasan dariya ne, darakta ba zai yarda a faɗe shi haka kawai ba. Ki sa ta faɗa tana kan turmi, ko ta zame ta faɗi bayan ta gama. A yi dariyar, ba komai. Ki dai bari ta kai ƙarshen maganar kafin ta faɗi.

Yayarki,
Maiturare